Idan allo ya rine ja: gargaɗin shafukan intanet da halin da kwamfutocinmu ke ciki

Wata safiya a lokacin sayar da fom ɗin makarantu, ina zaune a wani shagon kwamfuta kusa da kasuwar Wunti a Bauchi ina jiran a buga mini takardu, sai wani dattijo ya shigo da 'yarsa. Kuɗin fom suka zo biya a shafin wata makaranta mai zaman kanta. Yaron shagon ya rubuta adireshin, allon ya rine ja wur, ga rubutun Turanci a tsakiya. Kafin dattijon ya gama gyara zama, yaron ya danna wani ƙaramin rubutu a ƙasa, ya ƙara dannawa, shafin ya buɗe.

"Ɗana, wannan jan fa?" in ji dattijon.

"Ba komai Baba, haka yake yi kullum. Matsalar sabis ce."

Dattijon ya zaro katin banki daga aljihu. A nan na sa baki, na ce, "Baba, don Allah ku dakata. Gara ku je makarantar ku biya a hannu, ku karɓi rasit." Ya dube ni, ya dubi yaron, ya mayar da katinsa.

Ban ga laifin yaron sosai ba. Ga layi a bayansa, ga janareta na shan mai, kuma ya saba ganin gargaɗi iri-iri tun ranar da ya fara koyon aiki, yana dannawa yana wucewa ba abin da ya faɗo masa a ka. Sai dai jan allon nan ba ruwansa da sabis. Shi ne mai gadi na ƙarshe da ya rage tsakanin katin dattijon da ɓarawo, mu kuma mun koya wa kanmu ture shi gefe. Yadda aka yi muka kai nan shi ne abin dubawa, don amsar ba jahilci ba ce kawai.

Mu fara da inda jan allon yake fitowa. Kusan shekara ashirin ke nan kamfanin Google ke tafiyar da wani tsari mai suna Safe Browsing. Na'urorinsa na zagaya intanet dare da rana suna buɗe shafuka kamar baƙi, suna lura da abin da kowane shafi ke yi wa mai ziyara: yana ƙoƙarin sauke masa muguwar manhaja a ɓoye? Yana kwaikwayon shafin banki don karɓar kalmar sirri? Yana tura shi wani wuri ba da izininsa ba? Wanda aka kama sai a sa shi cikin jerin baƙaƙen shafuka. Manhajojin buɗe shafukan intanet, wato burauza, irin su Chrome da Firefox da Safari duk suna leƙa wannan jeri kafin su buɗe maka shafi, Edge kuma yana da nasa mai suna SmartScreen na kamfanin Microsoft. A 2024 Google ya ce tsarin na kare na'urori sama da biliyan 5. A da, burauza na sauke jerin ne ta ajiye tana sabunta shi duk bayan minti 30 zuwa 60, amma a watan Maris na 2024 aka mayar da Chrome yana tambaya nan take, saboda a lissafin kamfanin yawancin shafukan damfara ba sa kai minti goma a raye kafin masu su su sauya adireshi. Wato wanda ya ga jan allo, ba zato aka yi ba, an riga an ga wani abu a shafin.

Matsalarmu ta farko ita ce gargaɗin ba iri ɗaya ba ne, mu kuma mun zuba su a kwando ɗaya. Akwai ƙaramin rubutu a gefen adireshi da ke cewa shafin ba shi da kariya. Tun watan Yuli na 2018 Chrome ke liƙa shi ga duk shafin da ba ya lulluɓe bayanan da ke tafiya tsakaninsa da kai. Wannan bai ce shafin na ɗauke da cuta ba, cewa ya yi abin da ka rubuta a ciki kamar wasiƙa ce marar ambulan, don haka ka karanta labari in kana so, amma kada ka sa lambar kati. Akwai kuma allon da ke cewa takardar shaidar shafin ba ta inganta ba. Sai na uku, jan allo cikakke, wanda shi ne mai cewa an ga ɓarna.

Na biyun nan shi ya fi lalata mana ɗabi'a, kuma dalilinsa ƙarami ne ƙwarai. Yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu da ofisoshinmu na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso. A cikin kowace akwai ɗan batir mai faɗin kwabo da ke riƙe agogonta ko da an kashe ta. In ya mutu, duk sadda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, kwanan watan kwamfutar sai ya koma shekarun baya. Burauza kuwa da kwanan wata take auna takardar shaidar shafi, don haka sai ta ga kowane shafi a duniya takardarsa ba daidai ba, har da na JAMB da na banki. Yaron da ya yi wata shida yana aiki da irin wannan kwamfuta ya danna "wuce" sau dubbai, kuma kowane karo shafin ƙalau yake. Ranar da jan allo na gaskiya ya zo, hannunsa ne ke aiki, ba idonsa ba. Batirin nan ana samunsa wajen masu gyaran agogo, amma na sha shiga shagon da aka fi shekara ana fama da abin.

Wani kuskuren kuma shi ne ɗaukar alamar kwaɗo a matsayin shaidar amana. An daɗe ana koya wa mutane cewa in ka ga kwaɗo a gefen adireshi to ka saki jiki. Yau takardar shaidar nan kyauta ake samunta, wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt na bayarwa ga duk wanda ya mallaki adireshi, kuma abin alheri ne, amma ɗan damfara ma ya mallaki nasa adireshin. Kwaɗon na nufin ba mai saurarenku a hanya, bai ce wanda kake magana da shi mutumin kirki ba ne. Wannan rashin fahimta ta sa a 2023 Chrome ya cire hoton kwaɗon ɗungurungum ya sa wata alama.

Sai kuma gargaɗin ƙarya, wanda ya ɗauki rigar mai gadi ya sa. Kana cikin kallon ƙwallo ko sauke fim, sai waya ta girgiza, rubutu ya fito cewa an gano ƙwayoyin cuta kaza a wayarka, batirinka na lalacewa, ka danna nan cikin daƙiƙa talatin. Shafin intanet ba shi da ikon binciken cikin wayarka, ballantana ya ƙirga cututtuka. Bambancin a fili yake in mutum ya natsu: gargaɗin gaskiya cewa yake ka koma baya, ba ya neman komai a wurinka. Na ƙarya kuwa koyaushe akwai abin da yake so, ko ka sauke wani abu, ko ka kira wata lamba, ko ka biya, kuma yana gaggauta ka. Akwai mai cewa burauzarka ta tsufa ka sauke sabuwa a nan, alhali burauza daga cikin kanta take sabuntuwa. Tun 2024 wani salo ya yaɗu, inda shafi zai ce don ka tabbatar kai mutum ne ka danna maɓallin Windows tare da R, ka liƙa wani rubutu, ka danna shiga. Wanda ya yi haka da hannunsa ya buɗe wa ɓarawo ƙofa, kuma sau da yawa manhajar tsaro ba ta cewa uffan, tunda mai gida ne ya ba da umarni.

To amma shafin makarantar da dattijon nan ya zo buɗewa ba na 'yan damfara ba ne. Makaranta ce ta gaske, da gini da malamai. Me ya kai ta cikin baƙin jeri?

A nan ne nake ganin gundarin maganar yake. Mun ɗauki shafin intanet kamar allon sanarwa da ake kafawa a bakin titi: a biya mai fenti sau ɗaya, a manta. Alhali ya fi kama da ginin ƙasa. Duk wanda ya tashi a tsohon gari, a Bauchi ko a Gombe, ya san katangar ƙasa ba a gama ta. Kowace shekara kafin damina sai an sake yaɓe, an duba indararo, an toshe inda ya tsage. Wanda ya yi shekara uku bai yi ba, ba sai maƙiyi ya zo da gatari ba, ruwan sama kaɗai ya ishe shi. Ga yadda abin ke faruwa a wurinmu: mai makaranta ko shugaban ƙungiya ya kira wani matashi da ya iya, wataƙila ɗalibi ne a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta Gwallameji. An yi ciniki, an gina shafi, an biya, an yi godiya. Matashin ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa, kalmomin sirrin duka na wayarsa. Ba a yi maganar wanda zai riƙa yaɓe ba, don ba wanda ya san akwai yaɓe.

Sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kan wata manhajar gina shafuka mai suna WordPress aka gina su, namu ma galibi haka ne. Ita kanta manhajar ana kula da ita sosai. Inda aka fi shigowa shi ne ƙananan manhajojin da ake ɗora mata, waɗanda ake kira filogin: ɗaya na fom, ɗaya na hotuna, ɗaya na biyan kuɗi, kowanne wani mutum dabam ya rubuta shi. In aka gano kafa a ɗaya daga ciki, mai shi ya fitar da gyara, sanarwar gyaran ita ce kuma ke nuna wa masu kutse inda kafar take. Daga nan sai su saki na'urori su bi intanet kaf suna ƙwanƙwasa kowane shafi, wanda bai yi gyara ba su faɗa. Shi ya sa maganar da masu shafuka ke yawan yi, "wa ya san da mu da zai kawo mana hari?", ba ta da tushe. Ba wanda ya zaɓe ka. Fara ba ta tambayar gonar wa.

Akwai kuma abin da masu sana'ar ba sa son a faɗa. Don a rage kuɗi, wasu na sauke zanen shafi ko filogin na kuɗi daga wuraren da ake raba su kyauta bayan an fasa su. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa ya raba ba sadaka yake yi ba, sau da yawa ya dasa tasa ƙofar a ciki. Irin wannan shafi da cutarsa aka haife shi.

Me ɓarawo zai yi da shafin ƙaramar makaranta? Sunanta mai tsabta yake so. Zai ɓoye shafin banki na jabu a wani lungu na ciki, ko ya cika shi da tallan caca da magunguna, ko ya riƙa tura baƙi wani wuri. Kuma yana da wayo: zai tsara abin yadda mai shafin in ya shiga zai ga komai daidai, amma wanda ya zo ta hanyar binciken Google ko ta waya shi za a karkatar. Shi ya sa za ka ji mai makaranta na rantsuwa cewa yanzu-yanzu ya buɗe bai ga komai ba, Google ne ke masa sharri. Tsarin yakan yi kuskure jefi-jefi, amma hankali shi ne a fara da zaton gaskiya ya faɗa.

Gyaran ba sihiri ba ne, sai dai yana son haƙuri. Mai shafi zai yi rajista a Search Console, dandalin da Google ya tanadar wa masu shafuka, kyauta ne, a can zai ga irin matsalar da misalan adireshin da aka kama. A rufe shafin na ɗan lokaci, a sanar da kamfanin da ke ajiye shi. A sauya duk kalmomin sirri, amma daga kwamfuta mai tsabta, don wani lokaci daga kwamfutar sakatare aka sace su tun farko. A duba jerin masu ikon gudanarwa, a kori duk sunan da ba a sani ba. A zubar da filogin ɗin da ba a amfani da su, a sabunta sauran, a dawo da kwafin ajiya na kafin ɓarna in akwai. Sannan a nemi Google ya sake dubawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a goge abin da ido ya gani a bar kafar da aka shigo ta ciki, bayan mako biyu jan ya dawo.

Kwamfutar da ke kan tebur ma labarin yaɓen ne. Tun 2003 Microsoft ke fitar da gyare-gyaren tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata. Misalin da ya fi nuna darajar wannan shi ne WannaCry. Ranar 14 ga Maris 2017 kamfanin ya fitar da gyaran wata kafa a Windows. Ranar 12 ga Mayu, bayan kusan wata biyu, wata muguwar manhaja ta bi ta wannan kafa ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana neman fansar dala 300 a kuɗin Bitcoin. A Ingila asibitocin gwamnati suka soke ganin likita kusan 19,000. Maganin yana nan tun kafin cutar ta zo, ba a sha ba ne kawai.

Yanzu dubi abin da ke shagunanmu. Windows 7 ya daina samun gyara tun 14 ga Janairu 2020, kuma Chrome ya tsaya masa a lamba 109 a farkon 2023, amma har yau da shi ake cike wa mutane fom mai ɗauke da NIN da BVN. Windows 10 ma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da ƙarin lokaci ga wanda ya yi rajista, Windows 11 kuwa ba ya karɓar yawancin tsofaffin na'urorin da muke saye. Ko inda gyaran ke zuwa, abu na farko da mai saita kwamfuta ke yi shi ne ya kashe sabuntawa, har ya gaya maka a matsayin alheri: "Na rufe maka abin da ke shan data." Ba zan raina wannan dalili ba. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, ga wuta da ke iya ɗaukewa ana tsakiyar sabuntawa kwamfuta ta ƙi tashi. Wanda ke lissafin riba da naira ɗari-ɗari, gigabait biyu ba wasa ba ne a wurinsa.

Kuma gaskiya ne sabuntawa kanta takan yi ɓarna. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani gyara marar kyau daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Amma wannan haɗari ne da ake gani a gyara cikin kwanaki, wancan kuwa ba a jin shigarsa. Akwai hanyoyin rage nauyin: a yi amfani da datar dare mai rahusa sau ɗaya a wata, a kunna tsarin da ke barin kwamfutocin shago ɗaya su raba gyaran a tsakaninsu maimakon kowace ta sauke nata, tsohuwar na'urar da aikinta burauza ne da buga takarda kuma a sa mata Linux Mint ko Ubuntu a maimakon Windows, waɗanda kyauta ne kuma ana kula da su. In ma ba za a iya komai ba, burauza dai a bar ta ta sabunta kanta, don ita ce ke tsaye a bakin ƙofa.

Abin da ba ni da uzuri a kansa shi ne manhajar sata. Kowa ya san yadda ake yi: a kai kwamfuta a yi mata fomat, a zuba mata Office da CorelDraw da Photoshop daga filas ɗin mai gyara, kuma sharaɗin farko shi ne a kashe manhajar tsaro don kada ta cinye abin fasawa. Mun ɗaure kare don baƙon da ba mu sani ba ya shigo, sannan mu sayi wani karen mu ce muna da tsaro. Microsoft Defender da ke zuwa da Windows ya wadatar wa yawancin mutane in aka bar shi a kunne, LibreOffice kuma na yin aikin wasiƙa da lissafi ba tare da sata ba. A waya ma haka ne: GBWhatsApp da manhajojin da ake turawa ta Xender daga hannu zuwa hannu ba su bi ta tantancewar Play Store ba, a wayar nan kuma saƙon banki da lambar OTP ke sauka.

Doka ma ta riga ta shigo maganar, ko da yake kaɗan ne suka lura. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai karɓar bayanan mutane nauyin tsare su, kuma in aka yi kutsen da ka iya cutar da su, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Makarantar da ke karɓar hotunan yara da lambobin iyayensu tana ciki. Don haka mai makaranta ko asibiti ko ƙungiya, in zai ba da aikin shafi, tambayar farashin gini ba ta isa ba. Ya tambayi wa zai riƙa sabuntawa kuma nawa ne a shekara, da sunan wa aka sayi adireshin, ina kwafin ajiya yake, kuma a rubuta kalmomin sirri a ba shi a hannu. Masu gina shafukan su ma su daina jin kunyar sa kuɗin kulawa a cikin ciniki. Na san tsoronsu, wani zai karɓi aikin a rabin kuɗi bai ambaci kulawa ba. Amma ranar da allon ya yi ja, sunansu ne za a kira.

Bayan mako uku na koma shagon nan na Wunti. Na tarar an sauya batirin kwamfutoci biyu, agogonsu ya daidaita. Shafin makarantar kuwa har lokacin ja yake. Yaron ya ce mini ya kira lambar da ke jikin takardar tallarsu sau biyu, aka ce wanda ya san harkar ba ya gari.

"To yanzu in an zo biya me kake yi?"

"Sai in ce su je can su biya, Malam. Jiya ma mutum huɗu na mayar. Wasu kuma wurin maƙwabcinmu suke zuwa ya buɗe musu."